Itacen Wutar Mararraba

Ranar Asabar, ana gobe wasan ƙarshe na kofin lardin Connacht na ƙasar Ireland, tun da hantsi zauren taro na cocin Drumkeel ya cika da hayaniya da tururin shayi. Gundumar Leitrim ce za ta kara da Galway a ƙwallon Gaelic, wasan da ake yi da hannu da ƙafa, inda ake samun maki in ƙwallo ta bi ta saman sanda tsakanin dogayen sanduna biyu, kuma rabon Leitrim da ɗaga kofin nan an haura shekara talatin. Mata sun jeru a dogon tebur suna shafa wa burodi man shanu, wani a sa masa naman alade, wani ƙwai da albasa, guzurin gobe ke nan. Maza kuwa an ba su aikin zura ƙananan tutoci kore da ruwan ɗorawa a igiya, sai dai bakinsu ya fi hannunsu sauri.

Orlaith Guckian tana tsaye a kan kujera tana ɗaura igiya a jikin ƙusa, ranta a ɓace. Malamar lissafi ce a sakandare, shekararta ashirin da bakwai, bara ta dawo gida daga Dublin. Ƙanenta Cathal ne mai lamba goma sha uku a ƙungiyar gunduma, shi ke buga musu bugun tazara, kuma shi ne ɗan Drumkeel na farko da ya sa rigar Leitrim tun ba a haife ta ba. Da safen nan, kafin ya tafi otal ɗin da 'yan wasa za su kwana a arewacin gunduma, ta same shi a bakin famfo yana wanke takalman wasansa.

"Yaya, gobe ne na ƙarshe," ya ce, bai ko ɗago ba. "Ana hura usur ɗin tashi na rataye takalman nan."

"Kai da wa kuka yanke wannan shawarar?"

"Ni da ƙafafuna. Wata bakwai ina gudu cikin ruwa da sanyi, sau huɗu a mako, bayan na tashi daga aiki. In shiga kanti a ce min, ku dai yi ƙoƙari kada mu ji kunya. In fito daga coci, haka. Har Kawu Packie da ya fara saya min ƙwallo, haka. Ko mutum ɗaya bai dube ni ya ce za mu ci ba. Yanzu ni ma na fara ganin gaskiyarsu."

"Ni fa na ce za ku ci."

"Ke ai yayata ce, kuma da takarda kika zo min. Kada ki gaya wa kowa abin da na faɗa."

Maganar nan ce ke cin ta a rai sa'ad da muryar Kawu Packie ta tashi daga wajen masu tutoci. Packie McGloin yayan mahaifiyarsu ne, makiyayin tumaki mai shekara saba'in da ɗaya, kuma babu wasan Leitrim da ya taɓa wuce shi sai ranar da aka yi masa aikin gwiwa.

"Goma sha biyu," in ji shi, yana kaɗa kai. "Da maki goma sha biyu za su ci mu. In Allah ya dube mu da idon rahama iska ta bi bayanmu, tara."

"Haba Packie, ka ji tsoron Allah!" in ji Dessie Folan mai raba wasiƙu. Shi haifaffen Galway ne, aure ya kawo shi Drumkeel shekara ashirin da biyu da suka wuce, har yau kuma baƙo ake ce masa. "Wa zai ci wa? Mu da muka koma asibiti? Ɗan tsakiyarmu ƙafa ɗaya gare shi, ɗayar bandeji ce. Mai tsaron gidanmu ko matashin kai ka jefa masa sai ya suɓuce. Ni don kada a ce ban je ba ne kawai zan je."

"Mai ƙafa ɗayan naku ai shi ne ya yi tsalle ya cafe ƙwallo a saman kan mutum uku ranar wasan Sligo. Da idona na gani. Dogon nan, wanda in ya miƙa hannu zai gyara mana agogon coci."

"Tsawon ne kawai, kan fanko ne. 'Yan bayanku fa? Katanga ce, Packie, katangar dutse."

"'Yan bayanmu? 'Yan maruƙa a kan siminti mai ruwa. Ku dai ku tausaya mana, in kun kai goma ku rage gudu."

"Ku ne za ku tausaya mana!"

Aka bushe da dariya. Haka ake musun ƙwallo a nan. Kowa ya ɗauki ƙungiyar abokin hamayya ya kai ta sama, ya tattake tasa a ƙasa, wanda ya fi iya kushe nasa shi ya ci gardama. Suna kiran abin wayo. Wai in ka zuga abokin karawa zai saki jiki, in kuma ya ci ka, to dama ka faɗa, babu mai yi maka dariya. Orlaith ba ta taɓa ganin wayo a ciki ba. Tsoro ne kawai aka sa masa kwat da hula. Mutanen Galway suna iya wannan wasa don ɗakunansu cike suke da kofuna, sun san ƙarya suke yi. Amma a gundumar da yaro ke tashi yana jin ubansa da limaminsa da mai kantin garinsu suna cewa mu ba komai ba ne, wa ya gaya musu yaron zai gane wasa ake yi? Ana cusa wa mutum magana ɗaya shekara ashirin, sannan a yi mamaki in ƙafarsa ta yi rawa a minti biyar na ƙarshe.

Ta danne zuciyarta ta ci gaba da ɗaurin igiya. Da wataƙila ta yi shiru har a tashi, ba don Gwaggo Attracta ba. Attracta Prior ce mai kantin garin, ita ce kuma shugabar duk wani kwamiti da ke da butar shayi a ciki.

"Ni dai na gama nawa," in ji ta, tana goge wuƙa. "Kek ɗin tarbar yara yana firij. Na sa an rubuta a kai da kore, Sannunku da ƙoƙari."

Orlaith ta diro daga kan kujera.

"Gwaggo, me kika ce an rubuta?"

"Sannunku da ƙoƙari. Ko akwai kuskure ne, Malama?"

"Ba a buga wasa ba! Ko rigunan ba su sa ba, ke har kin rubuta musu jaje da sukari!"

Ta zaro wata takarda a ninke daga aljihun wandonta, ta warware ta a kan tebur, tsakanin man shanu da ɓawon ƙwai.

"Wasan Galway shida na kalla, kowanne sau biyu. A huɗu daga ciki, minti goma na ƙarshe numfashi ƙare musu yake yi, an zura musu maki goma sha bakwai a wannan lokacin kaɗai. Mai lamba ukunsu in ka bi ta hagunsa sai ya yi kwana kamar motar ɗaukar madara. Cathal ya buga bugun tazara talatin da biyar bana, talatin da ɗaya sun bi ta saman sanda sun ba da maki. 'Yan tsakiyarmu gajeru ne, na yarda, to wa ya ce dole a riƙa cilla ƙwallo sama? A ba da ita ƙasa ƙasa, a sa dogon nan gudu har harshensa ya fito. Wannan ba mafarki ba ne, lissafi ne. Za mu iya cin su, kuma duk kun sani, tsoron faɗa kuke yi!"

"Ikon Allah," in ji wata tsohuwa a ƙarshen tebur. "Dublin ta canja yarinyar nan."

"Gaskiya ta faɗa," in ji Dessie, yana fara'a har kunne. "Kowace kalma gaskiya ce. Malama, ba ni takardar nan in kai gidan jarida, a buga a shafin farko."

"Ka ji ko?" Kawu Packie ya nuna shi da tsinken tuta. "Kin ga abin da kika jawo? So yake su karanta a Galway su fusata. Takarda ba ta buga ƙwallo, 'yar nan. Mu mun ga abin da ba ki gani ba."

"Me kuka gani, Kawu, ban da kashi? Kun sha kashi har kun fara jin daɗinsa."

Fada Keaney, limamin cocin, wanda tun ɗazu yake fama da igiyar da ta sarƙe, ya matso da kofi a hannu. "Malama, a sha shayi. Nasara da rashinta duk a hannun Ubangiji suke."

"To Fada, me ya sa ka matsar da sujadar gobe zuwa yau da yamma in ba ka sa rai da komai?"

"Saboda cunkoson motoci," in ji Fada, ya koma wajen igiyarsa da sauri.

Maganar Cathal ta zo mata har bakin harshe, ta haɗiye. Gwaggo Attracta, da ta ga abin na neman ɓata mata aikin burodi, ta ce, "Tunda ƙarfi ya yi miki yawa, je ki gonar kawunki ki ɗauko mana dogon tsani. Tutocin nan ba za su haye titi da kansu ba."

"A'a, bari, ni zan ɗauko," in ji Kawu Packie, ya miƙe zumbur.

"Da wannan gwiwar? Zauna, Kawu."

"To yana rumfar gaba. Ta gaba na ce. Kada ki je tsohon sito, rufin na neman faɗowa."

Gonar ba ta fi tafiyar minti biyar a mota ba. Orlaith ta duba rumfar gaba, ta ga buhunan abincin tumaki da keken da ya yi tsatsa, babu tsani. Ta zaga baya. Tsohon siton da aka ce rufinsa na faɗowa sabon kwano ne a kansa yana ƙyalli. Ta zare sakata ta tura ƙofa.

Tsanin yana nan a jingine, amma ba shi ta fara gani ba. Itace ne tun daga ƙasa har rufi. Katakan da ake ɗora buhunan taki a kai, an jera su kamar littattafai. Rassan bishiya a daddatse, a bushe ƙayau. Tsofaffin ƙofofi biyu, gadon katako da ya karye, sandunan shinge. A gefe ga galan na kananzir da tsumma a ɗaure a bakin sanda.

Duk ɗan Drumkeel ya san ma'anar wannan. In ƙungiya ta ci kofi, da wuta ake tarbarta a mararrabar gari, wutar da za a hango daga tsallaken tabki. Kuma ba a tara ko tsinke ɗaya sai an ji usur na ƙarshe. Sai a lokacin ne ake rugawa neman abin ƙonawa, kamar nasarar ta zo wa kowa ba zato.

Tana tsaye baki buɗe ta ji ƙarar tsohuwar motar kawunta. Ya shigo yana ɗingishi yana haki.

"Na hunturu ne," ya ce.

"A watan Mayu?"

"Mai hankali da wuri yake shiri."

"Da kananzir da tsumma a bakin sanda? Kawu, dube ni."

Bai dube ta ba. Ya cire hula ya sosa kai ya mayar, sannan ya zauna a bakin karyayyen gadon.

"Tun Fabrairu," ya ce a hankali. "Ranar da yaron nan ya buga ƙwallo daga gefen layi, iska na gabansa, ta bi ta tsakiyar sanduna kamar an ja ta da zare. A hanyar dawowa na tsaya na ɗauki katako biyu a bakin titi. Daga nan kuma abin ya zama ciwo."

"To me ya sa kake cewa goma sha biyu?"

"Ke yarinya ce. Shekara shida bayan mun ci kofi, mun sake kaiwa wasan ƙarshe. Lokacin jinina na tafasa kamar naki. Tun ana gobe na kai itace mararraba, tirela guda. Aka yi mana dukan da har yau in na tuna gwiwata ke ciwo. Ranar Litinin ni kaɗai na kwashe shi, guda guda, mutanen ƙauyen gaba suna wucewa suna danna min oda. Wani har ya tsaya ya tambaye ni ko ina sayarwa. Shekara biyu ana ce min Packie Mai Itace. Ba zan sake ba."

Orlaith ta ji tausayinsa, na ɗan lokaci kaɗan. Sai fushin ya dawo, ya ma fi na ɗazu.

"Wato saboda odar mota ta shekara ashirin da wani abu ka bar ɗan ƙanwarka yana zaton ka binne shi da rai? Kawu, Cathal zai bar ƙwallo gobe. Ya ce kada in faɗa, ga shi na faɗa. Ya ce babu mutum ɗaya a garin nan da ya yarda da su, har kai. Kai kunyar kwashe itace kake tsoro. Shi a gaban mutum dubu ashirin zai tsaya, duniya na kallonsa a talabijin, in ya zubar da ƙwallo babu siton da zai ɓuya a ciki. Kun bar yara su ɗauki kunyar su kaɗai, ku kuna gefe kuna wayo."

Tsohon ya ɗago ya dube ta.

"Zai bari?"

"Da bakinsa ya faɗa."

"Shashasha. Ƙafar hagu irin wannan." Ya yi tsaki. "Amma itacen nan ba ya fita yau. Jawo tsiya ne. Ba a taɓa yi an ga daidai ba."

"Sau ɗaya aka taɓa yi. Sau ɗaya ba lissafi ba ne."

Ta wuce shi ta fita. Makullin tarakta yana inda yake kullum, a cikin tsohon takalmin roba a bakin ƙofa. Ta ja tirela da baya har bakin sito, ta fara jido. Kawu Packie ya harɗe hannu yana kallon sama.

"Babu hannuna a ciki," ya ce. "Ki shaida."

"Na shaida."

Ta jefa rassa, ta ɗora ƙofa a kansu, ƙofar ta zame.

"Ba haka ake lodi ba! Wa ya koya miki? Manya a ƙasa, ƙanana a sama. A Dublin ba a koya muku komai ne? Kauce!"

Har ƙarfe bakwai suna lodi, shi yana jera katako yana maimaita cewa babu hannunsa a ciki. Abu ɗaya kawai suka yi faɗa a kai, tayoyi huɗu da ta tono a can ƙarƙashi. Ta ce hayaƙinsu guba ne kuma doka ta hana, ya ce wutar da babu taya shayi ne babu madara. Ta mirgina su waje. Da ta juya baya ya mayar da ɗaya.

Yini na da tsawo a nan a watan Mayu, don haka rana ba ta ko yi niyyar faɗuwa ba lokacin da aka taso daga sujadar yamma. Mutane na fitowa daga coci suna gaisawa suka ji rugugin tarakta. Orlaith ta tsaya a tsakiyar filin ciyawar da ke mararraba, daidai gaban ƙofar coci, ta ja ƙarfen juye kaya. Itace ya zubo da ƙara kamar aradu.

Gwaggo Attracta ta yi alamar gicciye sau biyu.

"Wayyo ni! Yarinyar nan ta kashe mu. Ana gobe! Packie, kana gani?"

"Babu hannuna a ciki," in ji Kawu Packie daga can bayan tirela, rigarsa duk ƙurar katako.

Dessie Folan kuwa dariya ta kusa kayar da shi. Ya riƙe ciki, ya jingina da katangar coci. "Shi ke nan! Kun gama da kanku! Bari in kira ɗan'uwana a Galway ya fara goge wajen ajiye kofi. Malama, Allah ya yi miki albarka. Amma wannan ai bai isa ba. In za a jawo tsiya a jawo ta da kyau. Attracta, ina kwabar nan da ƙofofi uku da ke bayan kantinki?"

"Wace kwaba?"

"Wadda kika lulluɓe da labule. Ni ke kai wasiƙa kowane gida a garin nan, babu lungun da ban sani ba. Tun Maris nake ganin ikon Allah. Hughie Rooney, akwatunan kifi goma sha huɗu a bayan garejinka, kifi kake kiwo? Bernie, shingen da kika ce iska ta tafi da shi, a ɗakin kajinki iskar ta ajiye shi. Fada..."

"Dessie, ka yi hattara," in ji Fada Keaney.

"Tsofaffin bencinan coci shida, Fada. A bayan ɗakin shiga da kaya. Ka ce wa bishop gara ta cinye su."

"Gara ta taɓa su," in ji Fada, kunnuwansa sun yi ja.

Wani ya fara dariya a baya, wata ta kama, sai ga duk bakin coci ya ruɗe. Mutanen da suka wuni suna rantsuwa za a ci su da goma sha biyu suka riƙa nuna juna da yatsa, hawaye na zuba. Ashe kowa da nasa tulin, kowa kuma yana zaton shi kaɗai ne mahaukacin garin.

Orlaith ta miƙe tsaye a kan tarakta. "To, tunda asiri ya tonu, motar 'yan wasa za ta wuce ta nan ƙarfe goma na safe. Ko su ga tirela ɗaya ta mahaukaciyar malama, ko su ga garinsu. Ku zaɓa."

Gwaggo Attracta ta gyara jakarta a kafaɗa.

"Kwabar nan nauyi gare ta," ta ce. "Sai an ba ni maza biyu. Kuma wani ya kawo min wuƙa, in kankare rubutun kek ɗin nan."

Washegari ƙarfe goma saura, tulin ya wuce tsawon ƙofar coci. Wani ya kafa tutar kore da ruwan ɗorawa a ƙololuwa. Duk garin yana bakin titi cikin rigunan gunduma, motoci a jere an cika bayansu da burodi da fulas, sai Dessie shi kaɗai cikin rigar Galway, yana raba wa mutane ta'aziyya tun kafin lokaci.

Motar 'yan wasa ba ta saba tsayawa a ƙauyuka ba, oda kawai take yi ta wuce. Da ta ɓullo kwanar tabki, Kawu Packie ya taka tsakiyar titi ya ɗaga sandarsa kamar zai tare garken tumaki. Direba ya taka birki. Fuskoki suka cika tagogi, wani ɗan wasa ya buɗe baki ya manta bai rufe ba. Ƙofa ta buɗe, koci ya leƙo yana duba agogo, sai ga Cathal ya bi ta gefensa ya sauko.

Ya dubi tulin daga ƙasa har sama. Ya gane gadon kawunsa, ya gane bencinan da ya zauna a kai yana yaro.

"Wannan fa?" ya ce. "Ai ba a buga ba tukuna."

"Mun sani," in ji Kawu Packie. Ya yi gyaran murya sau biyu, kamar mai shirin haɗiye ƙwaya mai ɗaci, sannan ya ɗaga murya yadda na cikin mota za su ji. "Da maki biyu za ku ci su. Ni Packie McGloin na faɗa, a gaban Fada, a gaban wannan baƙon na Galway."

"A rubuta!" in ji Dessie.

"In kuma ba mu ci ba, Kawu?"

"Ba zan kwashe ba. Na taɓa kwashewa sau ɗaya, ya ishe ni. A nan zai zauna, kowa ya zaga shi, har ranar da za ka zo ka kunna shi da hannunka. Ko baɗi, ko baɗin baɗaɗa. An ce min wai kana neman ƙusar rataye takalmi. Babu ƙusa a garin nan."

Cathal ya juyo ya harari yayarsa. "Yaya, ke dai ba a ba ki ajiyar magana."

"Ta hagun mai lamba uku," in ji Orlaith.

"Kin faɗa sau ashirin." Yana ƙoƙarin ɗaure fuska, dariya na ƙwace masa. Ya sake duban tulin. "Takalman dai da sauransu. Za su ƙara shekara biyu, in an canja igiya. Kawu, ka ajiye min ashana."

"Yau za ka buƙace ta."

"Yau ɗin."

Koci ya buga jikin mota. Cathal ya haye da gudu, kafin ƙofa ta rufe aka ji 'yan wasan sun fara dukan tagogi da tafin hannu suna ihu. Mota ta tashi, garin ya bi ta da sowa har ta sha kwana.

Ba ta daɗe da ɓacewa ba ɗigon farko ya sauka a kan hancin Fada Keaney. Kowa ya ɗaga kai. Hadari ne baƙi ƙirin yake tahowa daga yamma.

"Itacen!" Kawu Packie ya ƙwala ihu. "Zai jiƙe! Jiƙaƙƙen itace ba zai kama da yamma ba! Hughie, ledar rufe ciyawa! Bernie, igiya! Dessie, kana tsaye kamar turke, kama nan!"

"Ni ɗan Galway ne fa!"

"Kama, na ce!"

Dessie ya kama. Orlaith ta haye tulin da hannu da ƙafa, ta taka kwabar Gwaggo Attracta, ta ja bakin ledar sama, ruwa na shiga mata wuya, tana dariya ita kaɗai.

"Ta gefen coci, 'yar nan, can iska ke bugowa," in ji kawunta daga ƙasa. "Ɗaure da kyau, ki sauko mu tafi. Ba na so su fara ci babu ni."